Bukkar Bahago

Rana ta leƙo kamar mai bin bashi,
ta ga ba kowa, ta koma.
A arewacin Finlan, a tsakiyar Janairu,
awa uku ne rabonmu na haske,
sauran shuɗi ne, sai duhu.

Gwaggo Hilkka na gaba, ina taka sawunta,
katakon sulu ɗaure a ƙafafunmu,
gatari a bayanta, butar kofi a nawa.
Numfashina ya daskare a gashin baki,
na yi furfura ban kai talatin ba.

Kwanan daji na zo koya.
Ita ta iya tun ban san damana da haguna ba.
Ta nuna mini farin iccen nan
mai ɓawo kamar takarda,
ta ce ko a jiƙe yake ba ya ƙin wuta.
Ta ce kar in yi gumi,
gumi ne ɗan leƙen asirin sanyi.

Sai ga ta, can bayan tafkin da ya sandare:
bukka, ko in ce rabin bukka.
Sanda guda a gicciye tsakanin itace biyu,
an jingina mata rassa masu ganyen allura,
ta ba iskar arewa baya.
Dusar ƙanƙara ta naɗa mata ganwo.

Na ce, "Ta wa ce?"
Ta ce, "Yi shiru, karatu nake."

Ta durƙusa, ta murza toka a yatsa.
"Kwana biyar. Ko shida."
Shimfiɗar rassa ta lotsa wuri biyu,
babba da ƙarami,
ga farin gashi maƙale a ƙaramin.
"Da kare ya zo. A ƙafafunsa ya kwana."
Gwangwanin kifi ya yi baƙi ƙirin,
an yi masa mariƙi da waya.
"Wannan ba ɓatacce ba ne,
ɓatacce ba ya share bakin murhu."

Sai ta kai kan sandar da aka sara.
Ta cire safar hannu,
a sanyin da ke tsaga icce da dare,
ta bi sarar da ɗan yatsa
daga sama zuwa ƙasa, a karkace.
Ta daɗe.
Ta ce, "Bahago ne."

Kawu Onni ma bahago ne.
Shekara bakwai yana kwance bayan cocin ƙauyenmu,
ita ta zaɓi dutsen da ke kansa.
Ta sani. Ni ma na sani.
Babu wanda ya ce uffan.
Wani hankaka ya gifta, ya yi magana a madadinmu.

A lungun bukka, inda jiƙa ba ta kai,
an tara faskare guda tara,
ga ɓawo a naɗe,
ga ashana huɗu cikin kwalbar magani.
Bai bar suna ba, bai bar wasiƙa ba.
Wannan ce wasiƙar.

Ashana ɗaya ta ishe ta.
Muka narkar da ƙanƙara a gwangwaninsa,
muka sha kofi mai ɗanɗanon kifi.
Na kwanta a gurbin kare,
ta kwanta a gurbin mutumin.
Cikin dare na farka,
sama na shanya koren mayafi tana kwashewa,
Gwaggo kuwa idonta biyu,
ba sama take kallo ba.

Da gari ya yi abin da suke kira wayewa
ta miƙo mini gatari.
"Mun ci tara, za mu bar goma sha biyu."
Na sara, na faskara, na jera.
Ta ƙara ashana, ta toshe kwalba,
ta ajiye sukari ƙwaya uku a takarda.

Icce na ƙarshe, da ta juya baya,
na mai da gatari hannun hagu.
Sara ta goce, ta yi muni,
saura ƙiris in raba kaina da yatsa.
Ba ta waiwayo ba.
Ta ce, "Ka bar masa hannunsa,
kai dai ka bar naka."

Muka bi tafki muka tafi.
Kafin mu kai tsakiya
ƙanƙara ta fara zuba,
tana shafe sawunmu ɗaya bayan ɗaya
kamar mai gyara ɗaki don baƙo.