Takwas

Ni ba matuƙi ba ne, ko iyo ban iya ba,
ruwan da na sani shi ne na gwangwanin fenti.
Allunan shaguna nake rubutawa a Sabon Gari,
"Ba Bashi", "Ana Cajin Waya",
har ranar da takarda ta fito daga ofis:
duk jirgin hayar da ke kan Galma
sai da lamba a goshinsa,
sai da adadin fasinja a haƙarƙarinsa.

Na ɗauki buroshi na gangara ta Dakace.

Bakin ruwan ya sauya tun rabona da shi.
Inda 'yan lambu ke wanke karas
yanzu rumfa ce da lasifika,
ga babura biyu na ruwa, ja da ruwan ɗorawa,
suna keta kogi kamar almakashi a yadi.
Igiyar da suka tayar ta zo ta mari kwalekwalen tsoho Jatau,
ta hargitsa masa koma, ta kori karfasa.
Ɗalibai sun yi layi, dubu biyu zagaye ɗaya,
kowa waya a sama, hoto kafin bisimilla.

Malama Ladidi ta hukuma ta zo da littafi da igiyar awo.
Ta ƙwanƙwasa katako, ta leƙa inji,
ta juya rigunan ceto ɗaya-ɗaya kamar mai sayen ƙwai,
uku sun ruɓe, ta ture su gefe.
Ta ce, wannan jirgin, mutum takwas.
Ta ce, daga jar tuta zuwa gada na masunta ne,
kada babur ya shiga.
In an kira magariba, a ɗaure.
Ta rufe littafi, mota ta tashi.

Ƙurarta ba ta kwanta ba Alhaji Barau ya matso,
mai jiragen, mutum mai fara'a, ba zan yi masa ƙarya ba.
"Mai fenti, sanda ɗaya ce fa.
Ka tsayar da ita gaban takwas ɗin,
siririya, tsinken tsire ma ya fi ta kauri.
Mai ya yi tsada, lasisi ya ci nasa,
yara shida ke cin abinci a ƙarƙashina,
ga salla saura kwana tara."
Ya naɗe kuɗi ya cusa min a aljihu.
Ban ciro ba.
Mai gidan haya ya zo min sau biyu a makon nan.

Na tsoma buroshi, na tsaya,
fenti yana ɗiga a kan yatsan ƙafata.
Sandar da ban zana ba tukuna
mutum goma ne a cikinta:
da mai goyo, da ango,
da yaron da ya ce wa uwarsa laccar yamma zai je.
Duk za su hau layi ɗaya
da bai kai tsawon tafin hannuna ba.

Jatau yana ɗinkin koma, ko ɗagowa bai yi ba.
"Ruwa bai yi boko ba, yaro.
Nauyi kaɗai ya sani."

Na zana takwas, zobe a kan zobe,
na cike gabanta da hoton tarwaɗa
mai gashin baki har bakin lambar,
ko allura ba za ta sami masauki ba.
Na ajiye kuɗin a kan benci, na ɗora dutse.

Sauran jirage huɗun ba ni aka kira ba.
An ce wani ya zo daga Tudun Wada,
ban san abin da ya rubuta ba.

Ranar salla na tsaya a kan gada
ina ƙirga kawuna.
Jirgi na gudu, rana na idona,
na kai bakwai na rikice,
na sake daga farko.