Ruwan da Ake Sunkuya wa

Tasalla ta dawo daga Yamma
da waya cike da ruwa.
Ta ce, "Kawu, dubi nan:
kogi ne ya ratsa gari,
ya iso bakin dutse, bai tsaya shawara ba,
ya faɗa.
Tun zamanin kakanninsu yake faɗawa,
har yau bai gama ba."

Na ga kumfa kamar an sheƙa nono,
ga gada, ga tsohon gidan niƙa
da suka mayar gidan tarihi.
Kuɗi ta biya, wai, don ta jiƙe.

Da la'asar na ja ta Kusugu.
Shiru. Sai takalman baƙi a ƙofa
da saurayi mai ba da labarin macijiya
yana haɗiye rabi.
Na miƙa mata guga.
Igiya ta ci tafinta, ta ciji leɓe,
ta ja, ta ja.

Nasu faɗowa yake, a tsaya a kalla.
Namu sai an sunkuya masa.

Ta sha, ta goge baki da gefen mayafi.
Wayar na cikin jaka.
Ban tuna mata ba.