Bayan Takardar Lantarki

Ƙarfe huɗu na asuba a garin Lipa,
zakarun unguwa suna gardamar wa ya riga wa,
ni kuwa ina tsaye a madafa da gajeren wando,
ina karanta rubutun Luningning
a bayan takardar kuɗin lantarki.

"Jan tattasai uku. Kada ka yi mini ha'inci da na gwangwani."
Ta ja layi biyu a ƙarƙashin ha'inci.

Na ɗora su a harshen wuta.
Suka kumbura, suka yi tsaki, suka yi baƙi
kamar tayar motata bayan ta wuni tana shan kwalta.
Na kife su a kwano, na rufe da faranti
su yi gumi, su huce.
Da na buɗe, ɓawon da kansa ya saɓule,
sai ga tsoka ja wur,
tana santsi, tana neman kufce wa wuƙa.

Cukun ragowar Kirsimeti ne,
dunƙulen nan mai jar rigar kaki
da ta aiko kuɗinsa daga Milan,
inda take juya wata tsohuwa a gado
sau uku kafin gari ya waye.
Na gurza shi.
Na gurza har da fatar babban yatsa,
na tsotse, ban gaya wa kowa ba.

Man shanu ya kwana a waje, ya saki jiki.
Madara mai kauri, "cokali uku," in ji takarda.
Surukata Amparo ta leƙo ta labule,
carbi a hannu, addu'a rabi a baki,
ta ce biyar.
"Tun tana goye take rowar zaƙi."
Na sa huɗu.
Wanda ya zauna tsakanin uwa da 'ya
dole ya iya lissafi.

Na juya, na juya,
har ja da rawaya suka daina jayayya,
suka koma kalar yamma a kan tafkin Taal.
Na ɗanɗana.
Da zaƙi, da gishiri, da maiƙo,
amma ba ita ba ce.
Layin ƙarshe na takardar mai ya ɓata shi,
tawada ta malale, ta zama gajimare.

Na ɗauki waya, na ajiye.
Can yanzu dare ya fara nisa,
ƙila ta samu ta jingina da bango
ta cire takalmi.

Sai ga Marikit, ido a kumbure da barci,
gashi tsaye kamar tsintsiyar kwakwa.
Ta tsoma yatsa ba sallama,
ta lumshe ido irin na uwar,
sannan ta nuna kwanon da nake shirin wankewa.
"Ruwan tattasan, Tatay.
Nanay ba ta zubarwa."

Ɗan ruwa ne, bai kai cokali biyu ba,
baƙi-baƙi, mai warin hayaƙi,
ya kwanta a gindin kwano shiru
kamar wanda ya saba a manta da shi.
Na tsiyaye.

Amparo ta lasa, ba ta ce uffan ba,
ta dai koma ɗaki da cokalin.

Ƙahon mai burodi ya yi kuka a lungu.
Pandesal goma, da ɗuminsu, jakar takarda har ta jiƙe.
Na tsaga biyu, na shafa da kauri,
na naɗe wa yarinya na makaranta.
Sauran na ɗura a tsohuwar kwalbar kofi,
na danna da bayan cokali, na murɗa murfi.

Kafin in tayar da mota
na nemo biro a aljihun riga,
a ƙarƙashin gajimaren nan na tawada
na rubuta da hannuna mai kama da tafiyar kaza:
ruwan tattasai.
Na ja layi biyu.