Maɗin Tuffa Kafin Tafiya

Saura kwana tara jirgi ya tashi daga Sarayebo,
ni kuwa ga ni a bayan gida da kwando,
ina tsintar tuffar da iska ta kaɗo cikin dare.
Dutsen da ke kallon ƙauyenmu ya yi ja, ya yi ɗorawa,
kamar hannun da aka kwance wa lalle yanzu.

Ɗana Nedim ya ce, "Inna, ki huta mana.
Fasfo na hannu, an yi allura, me ya rage?"
Na ce tuffa ba ruwanta da fasfo.
In ba a matse ta cikin makon nan ba,
tsutsa ce za ta ci gadona.

Da sassafe, raɓa na yankan ƙafa,
nakan zaga bishiyar da marigayi Sakib ya dasa
shekarar da muka dawo muka tarar da gida ba rufi.
Sau bakwai, tana hagu da ni.
A na biyar gwiwa ke fara gunaguni.
Ba ɗawafi ba ne, Allah Ya sani,
lallashin tsohuwar ƙafa ne,
kaji na kallo, ganye na sauka a kan mayafina.

Saniyata ta tafi kasuwar Tuzla, ta koma tikiti.
Har yau in magariba ta yi
sai in ga bokitin tatsa a hannuna.

Akwati a buɗe yake bisa gado:
fararen kaya, takalmi mai taushi, maganin hawan jini,
da takardar masu neman addu'a, ta cika gaba da baya.
Har Lubitsa mai zuwa coci
ta sa na rubuta jikanta mai ciwon ƙirji.

Na bi gida-gida neman gafara, yadda aka saba.
An sha gahawa, an share hawaye,
na yafe, ki yafe, Allah Ya yafe mana.
Ƙofa ɗaya ta rage, ta Hasiba.
Shekara goma sha ɗaya ko sallama babu,
a kan kaskon tagulla da na ara, na mayar a lotse,
na rantse haka na karɓe shi.
Ba haka na karɓe shi ba.

Jiya da dare muka hura wuta a tsakar gida.
Yara na murɗa matsi, ruwan tuffa na tsiyaya,
masara na fashewa a garwashi,
hayaƙi na shiga gashi da riga.
Sai ga ƙarar baro daga duhu.
Hasiba ce, kaskon na kwance a ciki,
lotsin na ƙyalli kamar tabon da bai manta ba.
Ba ta gaishe ni ba.
Ta ce, "Wannan 'yar tukunyar taki ƙona shi za ta yi."

Muka juye. Ta karɓi muciya.
Ita ta juya, ni in kwashe kumfa,
ni in juya, ita ta gyara itace.
Yara suka yi barci a kan buhuna.
Ruwa ya tsotse, ya yi duhu, ya fara nauyi a hannu.
Gab da kiran asalatu na ce, "Ni na lotsa shi."
Ta ce, "Na sani. Juya, yana kamawa."

Kwalba goma sha huɗu yanzu a bakin taga,
rana na ratsa su.
Ba zan sha ko cokali ba sai na dawo,
in da rabon dawowa.
Tsuntsaye sun riga ni yin kudu, sahu-sahu, ba jaka.

Ɗazu ta leƙo ta kan shinge, hannu duk toka.
Ta ce, "Takardar nan taki, akwai sauran wuri?"
Na ce babu.
Na ɗauko biro na rubuta ta a gefe, a tsaye,
inda babban yatsana zai riƙe
sa'ad da zan ɗaga hannu.