Rumbun Riɗi

Hamidan ya yi littafi.
Shi dai, mai sa Gadarif riƙe ciki,
mai kukan jaki a gidan biki
har amarya ta manta kunya.

Na saya a kasuwa, gefen masu gahawa,
na gyara zama don dariya.
A shafi na tara gahawar ta huce a hannuna:

uba da dorina,
rumbun riɗi, kwaɗo a ƙofa,
ɗan shekara bakwai cikin duhu
yana kwaikwayon zakara, bunsuru, tarin ladan,
don ƙanwarsa Sakina ta bar kuka.

Wani direba ya mayar da nasa,
wai ba abin dariya, a ba shi kuɗinsa.
Gwaggonsa ta ce ya tone kabari.
Wani dattijo ya karanta, bai ce uffan ba,
ya je gida ya ƙona dorinarsa.

Ni kuwa katanga ce ta raba mu.
Kullum bayan isha'i ina jin zakaran nan,
ina jin Sakina tana ƙyalƙyalawa,
sai in ja zanen innata:
"Me ya sa gidanmu ba daɗi kamar nasu?"