Shekara Bakwai a Gefen Fadamar Recife

Shekarar farko Dona Zuleide ba ta taɓa manhaja ba.
Rufin kwano ta fara liƙewa.
Ta ce yaron da ruwa ke ɗiga wa a ƙeya
ba ya jin lissafi.

Malamai suka yi dariyar ciki.
Shugabanni huɗu suka gani kafin ita,
kowa da sabon tsarinsa.

Ta biyu, tukunyar wake da sassafe.
Ta uku, malamai biyar suka ajiye alli,
sakamako ya ƙara nutsewa,
wasiƙar gargaɗi ta iso daga ofishin ilimi.
Ta ninke ta, ta tokare ƙafar tebur.

Sannu a hankali iyayenmu masu kamun ƙaguwa
suka fara shigowa, taɓo har gwiwa,
ba kiran laifi ya kawo su ba.

Ni Josenildo, ɗan bencin baya,
a ta biyar na karanta wa kakata
takardar maganinta, ba mai taya ni.

Bana bakwai. Ambaliya ta sake cin ajin ƙasa.
Muna hawa da littattafai a ka,
tana bisa matakala tana kiran suna,
muryarta ta dushe,
ba ta tsallake kowa ba.