Faifan Yaya Hambali

Kwamfutar nan ta Yaya Hambali ce.
Ranar da aka raba gadonsa a Gyaɗi-Gyaɗi
ita ta faɗo a rabona,
da cajarta mai ɗaurin salatif,
da harafin "k" da ya goge don yawan taɓawa.

In na danna ta bayan asuba
sai in ɗora butar shayi,
in daka citta, in jefa kanumfari,
in share ƙofar ɗaki, in dawo,
zoben nan na allo yana nan yana kewaya
kamar akuya a turke.
Fankarta na nishi, ni ina lazimi.

Alhaji Tukur na Kantin Kwari ya gaji:
"Jazuli, lissafin dila arba'in na atamfa
ba ya jiran mai tafiyar hawainiya.
Ko ka gyara, ko in nemi yaro mai waya."

Na naɗe ta a tawul kamar jinjira,
adaidaita ta sauke ni Titin Beirut.
Shago na uku bayan mai gasa masara,
nan Rumasa'u take, da tabarau a karan hanci
da sukudireba siririya kamar tsinken sakace.
Noti goma sha ɗaya ta kwance,
ta tara su a murfin kwalba.
Ta hura cikin, sai ga burbushin yadi,
shekara tara na Kwari, ya tashi sama.

Ta ce, "Baba, ba tsufa ba ne ciwonta.
Ram ɗinta giga biyu ne kacal,
tela ne aka ba faranti
aka ce ya yanka babbar riga a kai.
Faifan nan kuma juyi yake, allura na bin sa,
kamar mai laluben kwabo a buhun gero.
Mu ƙara mata takwas,
mu sa mata es-es-di, shi ba ya juyawa."

Ta faɗi kuɗi, na ce ta duba furfurata.
Ta ce albarka. Na miƙe. Ta ce in zauna.

Na ce, "Hotunansa fa?
Akwai muryarsa ciki, yana tsokanar Inna
kan miyar kuka ranar sunan Nusaiba."
Ta ce, "Ko ɗigo ba zai zube ba."
Na yi La'asar a masallacin layin,
na dawo ana kwashe shi kaɗan kaɗan
daga tsohon gida zuwa sabo.

Da za ni, ta miƙo min baƙar leda:
"Ga tsohon faifan, kada ka yar."
Nauyinsa bai kai sabulun wanki ba.

Washegari na danna, na juya wajen buta.
Ban ƙyasta ashana ba ta buɗe:
ga Hambali a bakin Tiga,
hula a karkace, yana riƙe da tarwaɗa,
yana dubana kamar na makara.

Lissafi ya tafi kamar ruwa a kwata.
Alhaji har lemo ya aiko min.

Sai a kwana na huɗu na lura
ban yi wa Yaya addu'a ba tun Talata.
Ashe cikin jiran nan nake masa,
Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya,
tsakanin danna maɓalli da tafasar ruwa.
Rumasa'u ta cire min jiran
tare da faifan.

Yanzu shayi nake fara ɗorawa,
kwamfuta na rufe a kan tabarma.
In ciro baƙar ledar daga aljihun tebur,
in ajiye ta kusa da kofi.
Sai citta ta nuna, na shafa,
kana in danna.